Shawarwarin da aka tattara kan sha'awar da a da ake ɓoyewa a Amurka

Tambayar ita ce ko har yanzu mai sha'awar kwamfuta, wasanni da littattafan zane sai ya ɓoye sha'awarsa a Amurka, da kuma yadda ya kamata ya yi da ita. Galibin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce zamanin ɓoyo ya wuce. A da, yaron da ya nace wa kwamfuta ko wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur na kwaikwayon jarumai da dodanni wanda ya fito a 1974, abin tsokana ne a makarantun Amurka. Yau taron Comic-Con na San Diego, babban taron masoya littattafan zane da fina-finai da aka fara a 1970, sai wanda ya yi sammakon sayen tikiti.

Shawarar da ta fi yawa: nemi irinka, ka je shagon littattafan zane na unguwarku ranar wasa. Wani dattijo ya ja kunne, kuma na ga gaskiyarsa: kada ka riƙa yi wa sabon shiga jarrabawa, ko ka cika wa abokan aiki kunne da labarin da ba su tambaya ba.