Shin akwai riba a fara amfani da mataimakan ƙirƙirarriyar basira da wuri a wurin aiki?

Shugaban sashe:

Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin sashe mai ma'aikata tara, kuma yawancin aikinmu rubuta wasiƙu ne, da taƙaita bayanan taro, da amsa ƙorafin abokan hulɗa. Kan shugabanninmu ya rabu biyu: wasu na ganin mu fara amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Copilot, waɗanda ke rubuta wa mutum abin da ya nema, tun yanzu, wasu kuma na cewa a dakata har ƙura ta lafa, tunda kayan suna sauyawa kusan kowane wata. Ina neman shawarar waɗanda suka gwada. Mene ne wanda ya fara da wuri yake samu wanda mai jira ba zai samu ba?

Malamin jami'a:

Wa alaikumus salam, Malam. A ƙarshen Nuwamban 2022 aka fito da ChatGPT, amma tuni an yi nazarin da ya dace da irin aikinku. Wani masanin tattalin arziki, Erik Brynjolfsson, da abokan aikinsa biyu sun bibiyi ma'aikata sama da 5,000 masu amsa ƙorafin kwastomomi, sakamakon da suka fitar a 2023 kuma ya nuna cewa yawan matsalolin da ma'aikaci ke warwarewa a awa guda ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari bayan an ba su manhajar ƙirƙirarriyar basira mai taimaka musu wajen amsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sababbin ma'aikata ne suka fi amfana, da kusan kashi 34, yayin da gogaggu ba su ga wani sauyi na a zo a gani ba. Dalili kuwa shi ne manhajar tana ɗauko salon amsar ƙwararru ta miƙa wa wanda bai daɗe da kama aiki ba. Idan kuna da sababbin hannu a sashenku, daga nan ya kamata ku fara.

Akanta:

Malam, ni a ganina saurin aiki ba shi ne babbar ribar ba. Na fara amfani da mataimakin ne wajen rubuta bayanin da ke raka rahoton kuɗi na ƙarshen wata, aikin da kan cinye mini rabin yini. Cikin minti biyu ya ba ni shafi guda mai tsari, na karanta na ji daɗi, har na kusa turawa. Da na ɗora shi kusa da jadawalin, sai na ga ya haɗa kuɗin da muke bi bashi da wanda ya riga ya shigo asusu, ya kira su duka kuɗin shiga, kuma ya rubuta hakan da cikakken tabbaci. Tun daga ranar na raba mana aiki: lissafi nawa ne, tsara jimloli nasa ne, kuma ba na barin lamba ko ɗaya ta wuce sai na duba ta da idona.

Wannan sanin ba a samunsa a taron horo na kwana ɗaya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya fara yanzu yana yin kurakuransa a kan ƙananan ayyuka, lokacin da gyara ba shi da tsada. Mai jira kuwa zai koyi darasin ne a ranar da aka riga aka ɗora masa aikin gaba ɗaya.

Jami'ar tsaron bayanai:

Na yarda da Hajiya akanta, sai dai a haɗa farawa da doka a rubuce. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu injiniyoyi sun saka bayanan sirri na kamfanin a ChatGPT. A shekarar ce kuma wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙirƙiro, babu su a ko'ina. Ku sani cewa ko kun dakata, wataƙila wasu daga cikin ma'aikatanku suna amfani da ita a wayoyinsu a ɓoye, wanda ya fi haɗari. Ku fayyace irin bayanan da ba za a saka ba, musamman sunaye da lambobin abokan hulɗa, sannan ku ajiye wanda zai duba kowace takarda kafin ta fita.

Shugaban sashe:

Na gode muku ƙwarai. Zan ba da shawarar mu gwada da mutum uku na tsawon wata uku, a kan taƙaita bayanan taro da daftarin wasiƙu kaɗai. Hajiya, don Allah ko kina rubuta kurakuran da kike kamawa a wani wuri? Ina so in buɗe mana irin wannan kundin tun ranar farko.