Masu kiwon mage a Kumasi, me kuke ba su?

Mai tambaya, Aboabo: Assalamu alaikum. 'Yar kyanwarmu watanta uku, ragowar tuwo da waake take ci, amma ba ta ƙiba kuma gashinta yana zuba. Me kuke ba naku, kuma sau nawa a rana?

Wani malami, Asawase: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mage nama ne abincinta, tuwo cika ciki kawai yake yi. Akwai wani sinadari mai suna taurin (taurine) da jikinta ba ya haɗa isasshe, sai daga nama, kuma rashinsa yana lalata ido da zuciya. Shi ya sa abincin kare ma ba ya isar ta. Ki nemi zuciya da ƙundun kaza a wurin masu kaji, ki dafa ba gishiri ba magi. Sau huɗu a rana, kaɗan-kaɗan, har ta kai wata shida, sannan safe da yamma. Hanta sau ɗaya a mako ta isa, don yawanta yana sandarar da gaɓoɓi.

Wata Hajiya, Sawaba: Malam ya faɗi gaskiya, amma tsoka zalla ma da matsalarta, ba ta gina ƙashi. 'Ya'yan magen da aka rena a kanta sai ki ga ƙafafun sun lanƙwashe. Ki tafasa ɓawon ƙwai, ki shanya, ki daka ya yi laushi, rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. Shito kuwa, wato soyayyen yajin nan mai albasa da tafarnuwa, ɗiyata, kada ya kusanci kwanonta. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta, dafaffu ko ɗanye; ki ɗaga leɓenta, in dasashin ya yi fari fat, sai likitan dabbobi. Koobi da momoni, kifayen da ake adanawa da gishiri, gishirinsu ya yi yawa. Kifin amane ki dafa ki cire ƙaya, ɗanyensa yana cinye bitamin B1 har ta fara tangaɗi.

Wani matashi, Tafo: Busasshen abincin mage na leda muke ba namu. Babbar mage mai kilo 4, giram 50 zuwa 60 a rana, a raba biyu. A duba jikin ledar, na 'ya'yan mage daban ne. In za a sauya iri, a riƙa gaurayawa da tsohon har mako guda, in ba haka ba gudawa. Madarar gwangwani ma gudawar ce.

Hajiyar Sawaba: Na ledar nan sai da ruwa sosai, musamman ga muzuru. In ya tsuguna yana nishi fitsari bai fito ba, ranar za a kai shi, ba gobe ba. Dafaffen nama kuma kada ya wuce awa ɗaya a kwano a zafin nan, saboda ƙuda da tururuwa.

Malamin Asawase: Ki kuma duba ko tumbinta ya kumbura alhali haƙarƙari a waje. Sau da yawa tsutsar ciki ke nan; in ita ce, ko me ta ci ba za ta ƙiba ba sai likita ya auna nauyinta ya ba ta magani.