Neman Shawara: Inshorar Gajeren Lokaci Don Gwada Mota Kafin Saye a Ingila

Baƙo a Bradford:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Wata takwas ke nan da zuwana Ingila daga Zariya, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kuma aikin dare ya sa jiran bas cikin sanyin asuba ya fara gagarata. Na samu wata Toyota Yaris ƙirar 2012 a hannun wani Bature a Sheffield, ya sa mata fam 2,800, mun yi da shi zan je ranar Asabar in duba ta. Ba dillali ba ne, motar gidansa ce, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa ba zai miƙa mini makulli in ɗana ta ba sai na nuna masa shaidar inshora mai ɗauke da sunana. Abin ya ɗaure mini kai, domin a gida mun saba takardar inshora tana cikin mota, duk wanda mai ita ya ba makulli sai ya tuƙa. Wani abokina kuma ya ce in biya kuɗin kawai, in lallaɓo da ita gida a hankali, in yi inshora ranar Litinin. Lasisina na Nijeriya ne. Don Allah wace hanya ce daidai?

Direban tasi a Leeds:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mai motar ya yi gaskiya, abokinka kuma bai san ƙasar ba tukuna. A nan inshora tana ɗaure wani mutum ne da wata mota, saboda haka takardar mai motar ba ta rufe ka ko da zagaye ɗaya za ka yi a unguwarsu. Dokar hanya ta 1988 ta wajabta wa duk mai tuƙi ya kasance da aƙalla inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. Wanda aka kama babu ita, mafi sauƙin hukuncinsa shi ne tarar fam 300 da makin laifi 6 a kan lasisi, 'yan sanda kuma suna da ikon ƙwace motar nan take. Idan magana ta je kotu, tarar ba ta da iyaka, kuma ana iya hana shi tuƙi. Shi kansa mai motar laifi ne a kansa idan ya bari ka tuƙa haka, shi ya sa ya kafe.

Abin da ake yi shi ne inshorar gajeren lokaci, wadda kamfanoni irin su Cuvva da Tempcover da Dayinsure suke sayarwa daga ta awa ɗaya har ta kusan wata guda. Kana tsaye gaban motar za ka sa lambarta da bayanan lasisinka a waya, ka biya, takardar ta shigo maka cikin mintuna. Ni idan zan sayi mota, ta awa ɗaya nake fara yi don gwaji. Sai an sallama mini, kuɗi sun shiga hannun mai ita, sannan in yi ta kwana ɗaya don komawa gida, ina mai bayyana cewa yanzu motar tawa ce. Da a wurin dillalai masu gareji ne, inshorar sana'arsu takan rufe gwajin, amma wannan ciniki ne na mutum da mutum.

Malamar jinya a Manchester:

Bayanin Baba ya gamsar, sai dai akwai abin da nake tsoron zai tare ka, ɗan'uwa, wato lasisin. Doka ta yarda ka yi tuƙi da lasisin Nijeriya na wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar, saura maka wata huɗu ke nan, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa da na nan, dole sai ka ci jarrabawar tuƙi. Matsalar ita ce yawancin masu inshorar gajeren lokaci lasisin Birtaniya ko na Tarayyar Turai suke karɓa. Kada ka bari sai kana ƙofar gidan mutumin sannan ka gane haka. Tun daren yau ka gwada da lambar motar ka ga wanda zai karɓe ka. Kuma ina roƙonka, kada ka zaɓi "lasisin Birtaniya" a fom don ya wuce. Zai wuce ɗin, za su karɓi kuɗinka, amma ranar da tsautsayi ya faɗa za su soke takardar, ka zama kamar wanda bai taɓa yi ba, kuma duk kamfanin da ka nufa daga baya sai ya tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora.

Ɗalibi a Coventry:

Ni abin ya faru da ni, shi ya sa nake magana. Ina da cikakkiyar inshora a tsohuwar motata, kuma a takardar an rubuta cewa zan iya tuƙa motar wani. Da na sayi sabuwa sai na ɗauka wannan ya wadatar. Ban yi minti ashirin a hanya ba motar 'yan sanda ta kunna mini fitila, domin kyamararsu tana karanta lamba. Ɗan sandan ya karɓi wayata ya nuna mini layin da ban karanta ba: izinin ya shafi motar da ba tawa ba ce kawai, ni kuwa na riga na biya, takardar ciniki tana kan kujera. Ina tsaye a gefen titi da jakata janwe ya ɗauke ta. Na biya tara, na biya kuɗin janwe da na ajiya, makin kuma shekara huɗu yake yi a kan lasisi, kuma tun daga lokacin kuɗin inshorata ya haura.

Bakanike a Birmingham:

Idan inshorar ta ƙi samuwa, ba dole ba ne sai kai ka riƙe sitiyari. Ka tafi da wanda yake da lasisin nan, ya yi ta kwana ɗaya da sunansa, shi ya gwada, shi ya tuƙo. Ko kuma mai motar ya tuƙa kana gefe, ka kashe rediyo, ka saurari injin da giya, ka ce ya taka burki da ƙarfi a inda babu kowa. Ka roƙe shi kada ya tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa bonet ka ji ko da sanyinsa, domin motar da aka ɗumama tana ɓoye ciwonta.

Direban tasi a Leeds:

Na yarda da tafiya da mai lasisi, amma ban yarda a sayi mota a kan tuƙin mai ita ba, Malam. Mutumin da ya shekara da motarsa ya san yadda zai lallaɓa kulocin da ya cinye ba tare da na gefe ya ji komai ba. Dole ƙafar wani naka ta taka shi.

Baƙo a Bradford:

Allah ya saka muku da alheri. Na gwada wurare uku, duk sun ƙi lasisina kamar yadda Anti ta faɗa. Amma na samu kamfanin da zai yi mini ta shekara a kan lasisin Nijeriya, da tsada, wadda zan iya sa ta fara aiki ranar Asabar, kuma wani yayanmu mai lasisin nan ya yarda zai raka ni ya gwada. Saura harajin hanya: mai motar ya ce ya biya har ƙarshen shekara.

Malamar jinya a Manchester:

Wannan harajin ba zai bi ka ba. Tun watan Oktoban 2014 haraji ba ya bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Da zarar an sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisi, cewa an sayar, sai su mayar masa da kuɗin watannin da suka rage. Zai yago maka koren yanki daga takardar mallaka ta V5C, akwai lamba mai alƙaluma 12 a jiki, da ita za ka biya a shafin gwamnati kafin motar ta motsa. Kafin Asabar ka duba tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da lambar motar, kyauta ne, kuma ka biya 'yan fam a bincika maka ko akwai bashin kamfani a kanta. Kada ka biya inshorar shekarar sai yayanku ya sauko ya ce ta yi. Idan ka biya, ka ajiye takardar a wayarka inda za ka same ta ko babu intanet, domin sabuwar inshora takan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana a rumbun da 'yan sanda suke dubawa, kuma daga Sheffield zuwa Bradford ta manyan hanyoyin M1 da M62 za ku bi, inda kyamarori suke da yawa. Ranar Litinin kuma ka nemi lasisin koyo, wata huɗu ba nisa.