Me ya sa wasan tanis na maza ke daɗewa haka?

Ɗan Samaru: Salam 'yan uwa, don Allah a fahimtar da ni. Fainal ɗin maza na gasar Faransa ta 2025, Alcaraz da Sinner, mun fara kallo a nan Samaru bayan azahar har aka yi magariba ba su gama ba, wai haka dokar take?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam ƙanena. A manyan gasa huɗu, Ostireliya, Faransa, Wimbledon da Amurka, sai namiji ya ci set (wato zagayen wasa) 3 cikin 5, mata kuma 2 cikin 3. Wancan wasan awa 5 da minti 29 ya ɗauka, kuma Sinner ne ya ci set biyun farko, sau uku saura maki ɗaya ya ɗau kofi amma yaron nan Alcaraz ya ƙi sakin wasan, wallahi ni a Tudun Wada tsaye na ƙarasa kallon.

Ɗan Samaru: Ikon Allah, to ina suke samun ƙarfi?

Sabongari_1: Atisaye ne malam, gashi filin gasar Faransa na jar ƙasa ne, ƙwallo ba ta gudu sosai shi ya sa ake ta bugawa. Nadal sau 14 ya ci kofin a wannan filin.