Dan Allah wane injin walda ya dace da mai fara koyo?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ku taimaka min da shawara don wallahi kwana uku kenan ban yi barcin kirki ba. Na yi wata biyar ina koyon walda a wajen wani oga, amma yawanci yanka ƙarfe da giranda da goge tsatsa kawai ake sa ni, sai in ya fita ne nake samu in riƙe holda, wato mariƙin sandar walda. Mun samu saɓani a kan wata ƙofa da aka ce ni na ɓata ma'auninta alhali ba ni na auna ba, ya yi min faɗa a gaban mai aikin, mahaifiyata ta ce in haƙura in koma, na koma sati biyu abin bai canza ba, na bari. Yanzu yayana ya ce zai saya min inji in fara a gida, amma ya ce sau ɗaya zai saya, in ya lalace ruwana. Na ga wani ƙaramin injin walda irin wanda ake kira inbata, an rubuta 400A, wato amfiya 400, a jikinsa, da hannu ɗaya ake ɗaukarsa, har na ba da kafin alƙalami. Sai jiya wani ya ce min wai kayan wasa ne. In karɓa ko in fasa?

Baba Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Yaro fasa. Shekarata sama da ashirin a wannan sana'a, taransifoma, injin waldan nan mai nauyi, ita ce inji. Ka nemi mai kwayil ɗin jan ƙarfe, ba na alminiyom ba, ka ɗaga ka ji nauyi. Ba bod, wato allon kayan lantarki, a cikinta ba komai, waya ce da ƙarfe, in ta ƙone a sake naɗa ta a ci gaba da aiki. Wannan inbata ƙurar giranda kaɗai ta ishe shi, fankarsa ce ke zuƙo ƙurar ƙarfen ta zuba a kan bod, wata rana ka ji ɗas, shikenan.

Mai Gyaran Wuta:
Kafin a ce maka saya ko fasa, ba ka faɗa mana abu biyu ba ɗan uwa. Wace wuta za ka yi aiki da ita, ta layi ko janareto? Kuma wane kaurin ƙarfe za ka riƙa haɗawa? Sannan maganar 400A ɗin nan ka cire ta a ranka. Soket na gida mai 230V da 16A abin da zai iya bayarwa bai kai kilowat 4 ba, walda a 400A kuwa tana cin fiye da kilowat 14. To ina injin zai samo sauran? Rubutu ne kawai a jikin kwali. Irin waɗannan in aka gwada su da mita da yawa ba sa kaiwa ko rabin abin da aka rubuta.

Ɗan Koyo:
Amma Malam na ga an gwada shi a gabana, ya kama ilektirod, wato sandar walda, geji 12 lafiya lau ba ya manne wa. Kuma allon gabansa ya nuna 400 da aka murɗa har ƙarshe.

Mai Gyaran Wuta:
Geji 12 ai 2.5mm ne, amfiya 70 zuwa 90 ta ishe shi, kowane inji zai ƙona shi. Geji 10, wato 3.2mm, shi ke son kamar 90 zuwa 130. Ka ce a sa geji 10 a ƙona guda huɗu a jere ba hutawa ka ga ko fitilar zafi za ta kama. Allon gaba kuma abin da aka tsara masa yake nunawa, ba abin da ke fita a waya ba. Ka juya injin ka duba farantin bayansa, akwai wajen da aka rubuta kaso, misali 60% a 120A. Ma'anarsa cikin minti 10 zai yi walda minti 6 ya huta 4. Wannan shi ne ainihin ƙarfinsa. Ni ban ce inbata ba shi da kyau ba fa, ga mai koyo ma ya fi sauƙi saboda wutar DC, irin ta batir, yake bayarwa, tana kamawa da wuri kuma ba ta yawan yankewa. Na gaskiya mai 140A ko 160A ya ishe ka.

Baba Mai Walda:
Ku masu karatu kullum lissafi. Wanda ya koya a taransifoma duk injin da aka ba shi zai riƙe. Wanda ya koya a inbata hannunsa lalacewa yake, injin ne ke yi masa aikin, in ilektirod ya manne ya yanke wuta da kansa, yaushe zai san tazarar da ake bari? Ni yaran da na yaye ba wanda ya fara da shi.

Mai Ƙofofi:
Hmm Baba ka tuna min takaici. Nawa inbatan wata bakwai kacal ya yi. Na bar wa yaron shago na je jana'iza, ya haɗa shi da ƙaramin janareto yana walda, mai ya ƙare jen ɗin ya fara shaƙewa yana tashi yana sauka, kafin ya kashe bod ya tafi. Na kai gyara aka canza IGBT guda biyu, ƙananan na'urorin da ke sarrafa wuta a kan bod, sati uku ya sake ƙonewa. Abin da ya fi min ciwo yaron ko haƙuri bai ba ni ba, washegari ma bai zo ba, kuma ni ne na roƙi ubansa ya bar shi ya koyi sana'a. Yaran yanzu sai addu'a wallahi.

Ɗan Koyo:
Allah ya mayar da alheri Oga. Amma ba duk yara ba ne, wani lokacin ogan ne ba ya koyarwa. Ni wata biyar ba a taɓa zaunar da ni an ce ga yadda ake saita wuta ba.

Mai Kujerun Ƙarfe:
Ni dai nawa ra'ayin daban. In fayif mara kauri zai riƙa yi, irin mai 1mm na kujeru da tebura, ilektirod huda shi zai riƙa yi yana cike rami har ya gaji. Injin MIG, mai aiki da waya da gas maimakon ilektirod, ya fi, waya 0.8mm ka danna kunama kawai, cikin kwana biyu hannunka ya zauna.

Baba Mai Walda:
MIG kuma? Da tukunyar gas da regileta da komai? A waje zai yi aiki fa, iska tana kaɗawa ta kwashe gas ɗin waldar ta fito duk huji kamar saƙar zuma. Kar ku ruɗa yaro. Ilektirod 6013 da taransifoma, ya rage wuta ya riƙa ɗiga-ɗiga, fayif ba zai huje ba.

Mai Kujerun Ƙarfe:
Akwai waya mai hoda a ciki Baba, ba ta buƙatar gas.

Baba Mai Walda:
Na san ta. Hayaƙi da tartsatsi.

Maman Biyu:
Ni ba mai walda ba ce, maigidana ne. Duk wanda za ka saya ƙanena ka ware na hular walda ta kirki mai gilashi lamba 10 ko 11, da safar hannu ta fata. Baƙin tabarau ba ya tare komai. Na ga dare da mutum ya tashi ƙarfe biyu idonsa kamar an zuba yashi, hawaye na zuba ya kasa buɗewa, kuma da rana lafiyarsa ƙalau, sai bayan awanni abin yake tasowa. Kuma in ƙarfen mai rufin zinki ne kar ka yi a cikin ɗaki, hayaƙinsa zazzaɓi yake sawa.

Ɗan Koyo:
Na gode Anti. Injin yana zuwa da gilashin hannu a cikin kwalin ai, shi ya sa ma na zaɓe shi. Taransifoma kuma gaskiya ba zan iya ba Baba, ba ni da shago, a ɗakina zan riƙa ajiyewa ina fitowa da shi, kuma in aka kira ni gyara ba zan iya ɗaukarta ba.

Mai Gyaran Wuta:
Wannan hujja ce mai kyau, kuma taransifoma tana jan wuta sosai, tana iya riƙa faɗar da birekar gida. Amma har yanzu ba ka amsa min ba, wutar layi ko jen? In jen ne, ƙasa da 5kVA wahala za ka sha, kuma a samu mai AVR, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta. Wayar da za ka ja ma kar ta gaza 2.5mm², siririya tana rage ƙarfin wuta ta yi zafi.

Ɗan Koyo:
Akwai jen a gidan amma na yayana ne, ban duba girmansa ba. Ni dai damuwata in na fasa mai kayan ba zai mayar min da kafin alƙalamin ba, kuma yayana zai ce ban san abin da nake so ba. Ba yadda za a yi in karɓi wannan ɗin in riƙa lallaɓa shi da geji 12 kawai?

Baba Mai Walda:
To ai ka riga ka yanke shawara kafin ka tambaya. Allah ya ba da sa'a.

Mai Gyaran Wuta:
Ɗauko hoton farantin bayan injin da na jen ɗin ka turo mu gani tukuna.

Ɗan Koyo:
Toh, in na je gobe zan ɗauka in ya yarda ya buɗe kwalin.

Mai Ƙofofi:
Wai a cikinku akwai wanda ya san dalilin da bod ke sake ƙonewa bayan an canza IGBT? Nawa yana nan ajiye har yanzu.