Injin da ba shi da fistin, wane suna za mu ba shi?

Mai Mazda, Badarawa:
Assalamu alaikum. Yau masu gareji da malaman Hausa nake nema a lokaci guda. Na sayi wata Mazda RX-8 da araha saboda ciwonta. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in ta yi zafi ka kashe ta a gidan mai, sai ka zauna jiran ta huce. Na sauke injin, yana kwance a zauren gidanmu, kuma ina so in riƙa ɗaukar bidiyon aikin da Hausa saboda yara masu koyon sana'a. Tun a suna na cije. Turawa na ce masa rotari, mu fa?

Ga wanda bai taɓa leƙa cikinsa ba: babu fistin, babu bawul, babu kamshaf. Wani dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumburo, yana yawo a cikin gida na alminiyom wanda cikinsa ya yi siffar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Tsakanin kowane gefe da bangon gidan akwai ɗaki. Ɗakin ya buɗe ya zuƙi iska da fetur, ya tsuke ya matse su, filogi ya ba su wuta, sannan ya turo hayaƙi waje, duk a zagaye ɗaya. Irin ƙarfen nan biyu ne a injin, kowane da cc 654, jimla 1308.

Ɗan Panteka:
Wa'alaikumus salam. Oga, meye na wahalar da kai? Injin rotari, shi ke nan. Lagireto, kafireto, salansa, filogi, ba taro aka kira aka ƙirƙiro su ba, baki ne ya murɗa su har suka zauna. Tun da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri a 1975 makanikan garin nan da kalmar aro suke aiki, kuma ban ji an ce wata 504 ta ƙi tashi saboda haka ba.

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Aro ba laifi ba ne, ɗan'uwa. Amma filogi ya zauna ne don yaro yana riƙe shi kullum, kalmar ba ta buƙatar bayani. Wannan injin kuwa yaro zai iya gama koyon aiki har a yaye shi bai gan shi ba. Dole sunan ya nuna masa wani abu. In ka ce rotari a Kaduna, wani ma ƙungiyar nan ta masu aikin taimako zai ɗauka. Ni na ce inji mai juyi.

Tsohon makaniki, Kurmin Mashi:
Allah gafarta Malam, wane inji ne ba ya juyi? Na markaɗe yana yi, na ban ruwa yana yi. Sannan ƙarfen nan ba juyi kaɗai yake yi ba, kuma wanda bai gane wannan ba kada ya taɓa sufana. Sandar da ke ratsa tsakiyar injin tana da doro biyu, kowane ƙarfe a kan doronsa yake zaune. Doron ne ke ɗaukarsa yana zagaya gidan da shi, shi kuma yana murginawa a hankali a kan wata giya da aka kafe a jikin farantin gefe. Giyar da ke kafe haƙori 34 gare ta, ta cikin ƙarfen 51. Sai sandar ta juya sau uku kafin shi ya kammala juyi ɗaya. Shi ya sa za ka ga allurar motar ta hau 9000 injin bai ko girgiza ba, don babu abin da ke hawa ya tsaya cik ya sauko kamar fistin.

Tsohuwar ɗalibar Kadpoly:
Baba ya yi gaskiya, kuma akwai ƙari. Ko a Turancin sunan ba nasa ne shi kaɗai ba. Jiragen saman yaƙin duniya na ɗaya suna da wani inji da ake kira rotari, mai fistin ne, amma gaba ɗaya silindojin ke juyawa tare da farfela. In muka fassara kalmar kai tsaye, ruɗaninsu muka kwaso. Me zai hana mu kira shi da sunan mai shi? Ai dizal ma sunan mutum ne, Rudolf Diesel. Wannan Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi, Bajamushe. Na gwaji ya fara tashi a kamfanin motoci na NSU da ke Jamus a 1957, motar farko da aka sayar da shi ita ce NSU Spider a 1964. Mazda ta sayi lasin a 1961, ta fito da Cosmo Sport a 1967. Injin Wankel, an ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Ɗan Panteka:
Hajiya, ki zo rumfarmu ki ce kina neman kayan injin Wankel, wallahi wajen masu gyaran injin wanki za a raka ki.

Mai Mazda, Badarawa:
Na yi dariya, amma maganarsa na kan hanya. A bidiyo ba rubutu ake gani ba, kunne ke aiki. Wankel zan ambace shi in ina ba da tarihi, ban da kiran yau da kullum. Wani ya turo min "injin ba-fistin". Ya fi mai juyi, sai dai ya faɗi abin da babu ne, bai faɗi abin da ke akwai ba. Injin jirgin sama na zamani ma ba shi da fistin.

Malama, Unguwar Rimi:
Na bi maganar tun daga sama. Kuna ta neman sunan motsi, alhali makaniki ba motsi yake ɗauka a hannu ba, ƙarfe yake ɗauka. Da muka ce injin fistin, ai da sunan abin da ke ciki muka kira shi. A yi wa wannan haka. Abu mai kusurwa uku Hausa tana da sunansa tun kafin mota ta zo: alwatika. Ƙarfen ya zama alwatika, gidansa gidan alwatika, injin kuma injin alwatika. Na RX-7 da RX-8 ka ce mai alwatika biyu. Mazda 787B da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, mai alwatika huɗu ce. Kun ga kalmar tana ƙirguwa, ba ta karya harshe, kuma babu wani abu a gareji da ya riga ya ɗauke ta.

Malamin makaranta, Tudun Wada:
Na janye nawa. Abu ɗaya ne: alwatikar lissafi gefunanta miƙaƙƙu ne, wannan kuwa sun lanƙwasa.

Malama, Unguwar Rimi:
Malam, zoben fistin ma a tsage yake, bai hana mu ce masa zobe ba.

Yaron gareji, Rigasa:
Ku yi haƙuri iyayena, ni dai ban taɓa jin alwatika ba sai yau. Na nuna wa yaran wajenmu hoton da Oga ya ɗora, nan take suka ce samosa. Ina jin ko me kuka tsayar, mu samosa za mu ce.

Tsohon makaniki, Kurmin Mashi:
Ku ce abin da kuka ga dama a ƙarƙashin mota, yaro, amma in ana koyarwa a faɗi na gaskiya. Ni alwatika ta yi min. Yanzu ga inda aikin yake. A kan kowace kusurwa akwai tsaga, a cikinta wani siririn ƙarfe mai kaurin milimita 2, da sifirin a bayansa yana tura shi jikin bango. Shi ke raba ɗaki da ɗaki. In ya cinye, matsi ya zube, mota ta fara irin halin da ta Mai Mazda ke yi in ta yi zafi. In ya karye kuwa, gutsuren sai ya karce bangon gidan, kuma bangon nan shafen kurom ne, ba a kai shi wajen masu borin. Sabo za ka nema. Kada wani ya ce masa zobe, don yaro zai je yana neman abu mai da'ira. Haƙori kuma giya ta riga ta ɗauka.

Tsohuwar ɗalibar Kadpoly:
To Baba, farce fa? A bakin kusurwa yake, siriri ne, yana gogar bango. Kuma tarihi ya goyi baya. Lokacin da injiniyoyin Mazda a Hiroshima, ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suke fama da injin a farkon shekarun 1960, wannan ƙarfen yana karkarwa yana barin zane-zane a bango, har suka raɗa wa zanen suna karcen farcen shaiɗan. Shi ne kuma ya jefa NSU cikin asara a kan motarsu Ro 80 ta 1967, don injuna sun yi ta dawowa ana canjawa kyauta, zuwa 1969 Volkswagen ta haɗe kamfanin da Auto Union.

Tsohon makaniki, Kurmin Mashi:
Farce ya zauna. Farce uku a kowace alwatika. Siraran ƙarafan da ke gefen alwatikar mu ce layin gefe, ƙananan da ke kusurwa inda suke haɗuwa da farce kuma maɓalli. Mai Mazda, saurara da kyau. Injin nan jera shi ake yi a tsaye, faranti na ƙarfe, gida, farantin tsakiya, gida, farantin baya, sannan dogayen kusoshi su ratsa su ɗaure gaba ɗaya. Tsakanin kowane gida da faranti akwai robar ruwa siririya a cikin kwarminta. In ɗaya ta zame lokacin da kake ɗora na sama ba za ka gani ba, sai ranar da ka tayar ka ga farin hayaƙi, ruwan lagireto na raguwa. Ka shafa basilin ya riƙe maka layin gefe da maɓallai kada su zubo in ka kifa alwatikar. Layin gefe sabo yakan zo da ɗan tsawo, gogawa ake yi kaɗan-kaɗan ana aunawa da fila-geji bisa littafin Mazda, ba da ido ba. Ka sami kwali ka zana alwatika biyu, duk abin da ka cire ka ajiye a gurbinsa. Kuma ka bar zauren nan in iska na kaɗawa, ƙurar Kaduna ba ta san tsadar kaya ba.

Ɗan Panteka:
Ni har yanzu in mai mota ya zo shawarata ɗaya ce, a jefa mata injin Toyota kowa ya huta. Mazda da kanta ta daina RX-8 a 2012.

Tsohuwar ɗalibar Kadpoly:
Ta dawo da injin a 2023 a cikin motarta MX-30, mai alwatika ɗaya, yana aikin janareto yana cajin batir.

Mai Mazda, Badarawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A bidiyon zan ce injin alwatika, sau ɗaya a farko in faɗi cewa shi ne rotari ko Wankel don mai neman kaya a intanet. Gidan alwatika, sanda mai doro, farce, layin gefe, maɓalli, robar ruwa. Yaran Rigasa kuma ban hana ku samosarku ba. Saura ɗan famfon nan da ke ɗiga baƙin mai a cikin ɗakin wuta don farcen ya sami santsi, wanda ke sa mutane su ce injin ya lalace yana shan mai alhali haka aka ƙera shi. Na rubuta maɗigin mai, ban sani ba ko zai karɓu.

Tsohon makaniki, Kurmin Mashi:
Famfon ɗigo ya fi sauƙin faɗa. Ka busa bututansa ɗaya bayan ɗaya kafin ka mayar, suna toshewa. Kuma notin filawil ɗin soket 54 yake ci, in ba ka da shi ka aiko yaro gobe bayan azahar, ya zo da dogon bututun da za ku ƙara wa hannun.