Abin da Iago ya yi wa Othello, me sunansa da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum masana Hausa. Ina koyar da adabin Turanci a wata sakandare, kuma tun lokacin da WAEC ta sa wasan kwaikwayon Othello na Shakespeare a manhaja daga 2016 zuwa 2020 kalma ɗaya take ba ni wahala in na zo yi wa yara bayani da Hausa, wato manipulation. Racism ba matsala, wariyar launin fata ta zauna tuntuni, rediyo ma ita suke faɗa. Jealousy kuwa mu muka ma fi su, don mun raba ta biyu, abin da ke cin Othello a kan matarsa Desdemona kishi ne, abin da ke cin Iago don an ba Cassio muƙamin mataimaki an bar shi da riƙon tuta hassada ce. To amma shi aikin da Iago ya yi, ya ɗauki janar guda, mutumin da Venice ta tura ya kare mata tsibirin Cyprus daga Turkawa, ya juya shi har ya kashe matarsa da hannunsa a kan gado, me za mu kira shi? Ni dai yaudara nake cewa amma raina bai taɓa kwanciya da ita ba.

Wani ɗalibin jami'a: Malam ai makirci ne kawai, ko tuggu. Ya ƙulla masa tuggu, shi ke nan magana ta ƙare.

Mai tambaya: Makirci ya ɗauki rabi ɗana. Sa matarsa Emilia ta kawo masa hankicin da Desdemona ta yar, da jefa shi a ɗakin Cassio, da sa Cassio ya sha giya ya yi faɗa a bakin aiki har aka tuɓe shi, duk wannan makirci ne ban musa ba. Amma makirci bayan idonka ake ƙulla shi. Shi kuwa Iago gaban Othello yake tsaye, yana kallon ƙwayar idonsa, shi kuma yana ta kiransa mai gaskiya mai amana.

Wata baiwar Allah: Annamimanci fa? Ko algungumanci, tunda haɗa miji da mata ya yi.

Wani malami daga Zariya: Hajiya annamimi ɗan aike ne, ya ɗauko magana nan ya kai can. Ku koma fitowa ta 3 kashi na 3 ku gani, a farkon zancen Iago bai kawo labarin komai ba. Sun hango Cassio ya bar wajen Desdemona, sai kawai ya yi tsaki ya ce abin bai yi masa ba. Othello ya ce me ka ce, ya ce a'a ba komai ranka ya daɗe. Daga nan duk abin da Othello ya faɗa sai ya maimaita masa shi da sigar tambaya, kamar mai ɓoye wani abu da yake nauyin faɗa, har sai da Othello da kansa ya dinga roƙonsa ya faɗi abin da ke ransa. Har gargaɗi ya yi masa wai ya kiyayi kishi, dodo ne mai koren ido! Wanda ya kunna wutar shi ke cewa a yi hattara da gobara. Ni a wajena kalmar ita ce hure kunne, kuma ba ni na ƙago ba, Iago da bakinsa a ƙarshen fitowa ta 2 ya ce zai zuba wa Othello annoba a kunne. Bahaushe da Bature sun haɗu a gaɓa ɗaya ta jiki.

Mai tambaya: Allah ya gafarta malam, wannan ta shige ni wallahi. Sai dai mu in an ce an hure wa yaro kunne, abin da ke zuwa rai shi ne abokai sun zuga shi ya daina jin maganar iyaye, kamar ta yi sauƙi da yawa a kan abin da ya ƙare da gawa uku a kan gado ɗaya.

Wani daga Maraɗi: Mu nan da munka yi lakwal da Faransanci kalmar iri ɗaya ce a rubuce, furuci ne ya bambanta, kuma in 'yan siyasa sunka yi ta muna cewa wasa da hankali. Amma ga wanga mutum ni ingiza mai kantu ruwa nika gani. Ku dubi Roderigo, wawan attajirin da ke son Desdemona, Iago na ta ce mishi cika jakarka da kuɗi ka biyo mu Cyprus, ya tatse shi sarai, ya tura shi ya kashe Cassio, abin bai yiwu ba ya soke shi da kanshi cikin duhu.

Wani malami daga Zariya: A kan Roderigo ta zauna daram. A kan Othello ba ta isa ba, don mai kantu ya san kantu ne a kansa, zuga ce ta ɗebe shi. Othello bai ma san an ingiza shi ba, gani yake shi ya gano da basirarsa.

Wata baiwar Allah: To ku tsaya, ni duk kun kewaye kalmar kun ƙi faɗa don kun saba jingina mana ita. Kissa ce. Kissa da kisisina. In kishiya ta shiga wajen maigida ta ce ni fa ban ce komai ba, Allah ya sa dai alheri ne ya kai ta gidan su wane, ta yi shiru ta ci gaba da zuba masa ruwa a buta, me kuke kiran wannan? Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kawo tsegumi ba, ta ajiye masa iri ne ta bar shi ya yi ban ruwa da kansa. To Iago gemu kawai ya fi ta. Kuma ita kissa ba ta aiki sai an san inda mutum yake da rauni, a nan ne ma wariyar take shigowa, malam mai tambaya ka raba su uku kamar ba su da haɗi alhali igiya ɗaya ce. Tun daren farko Iago ya tsaya ƙarƙashin tagar Brabantio mahaifin Desdemona yana ihu wai baƙin tsohon rago ya haye farar tunkiyarsa, Roderigo na kiran Othello mai kaurin leɓe, uban kuma ya tafi gaban majalisa ya rantse sai dai in asiri aka yi wa 'yarsa, don a hankalinta ba za ta so irin wannan ba. Mutumin da yake gayyatarsa gida yana jin labarin yaƙe-yaƙensa fa! Othello ya ji maganar uban ya shanye. Da Iago ya zo sai ya taɓa daidai wurin, ya ce yarinyar da ta ƙi samarin garinsu masu launinta da darajarta ai akwai abin dubawa, wata rana za ta dawo hayyacinta, kuma ai mahaifinta ma ta rufe shi ta aure ka. Yana fita Othello ya fara cewa ƙila don ni baƙi ne, ƙila don na kwana biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba Iago ne ya tsaga bangon ba, Venice ce.

Wani ɗalibin jami'a: Anti amma fa ya yi ƙarya ƙarara, mafarkin da ya ce Cassio ya yi yana kiran sunan Desdemona cikin barci ai shi ya shirya abinsa.

Wata baiwar Allah: Ya yi, amma yaushe? Sai da Othello ya riga ya kamu ya shaƙe shi yana cewa kawo min hujjar da ido zai gani. Ƙarya cikon miya ce. Dubi fitowa ta 4, ya ɓoye Othello a gefe ya ja Cassio da hirar farkarsa Bianca, Cassio na dariya Othello na zaton matarsa ake yi wa, can sai ga Bianca da hankicin a hannu. Me Iago ya faɗa a nan? Idon Othello ne ya yi masa aikin.

Wani malami daga Zariya: Hajiya ta yi gaskiya, na janye rabin tawa. Kuma masu cewa ta mata ce su duba 'yar'uwarta kaidi, kowa ya haddace aya ta 28 a Suratu Yusuf a kan kaidin mata, amma a aya ta 5 kalmar nan ce dai Annabi Yaƙub ya faɗa a kan 'yan'uwan Yusuf, maza reras. Abu ɗaya, a kula da rubutu, kissa da k mara lanƙwasa, in ka sa ƙ ta koma ƙissa wato labari, yara za su rubuta maka Iago ya ba Othello tarihin annabawa.

Wani daga Maraɗi: Na yarda ga wasan. Amma in gwamnati ko kamfani ya yi wa jama'a, kissa ba ta hawa bakina, nan wasa da hankali za ni riƙe.

Mai tambaya: Wannan daidai ne, ba dole kalma ɗaya ta ɗauki duk kayan da Bature ya ɗora wa tasa ba. Ga yadda zan rubuta a allo ranar Litinin in Allah ya kai mu: Iago ya hure wa Othello kunne da kissa, ya bi ta raunin da wariyar launin fata ta yi masa, ya mai da hassadarsa kishin wani. Suna kissa, aikatau hure kunne, mai yi kuma mai kissa. Hajiya na gode, zan ce daga wajen wata uwa na samo.

Wata baiwar Allah: Ka kuma gaya musu wadda ta tona asirin a ƙarshe mace ce, Emilia, mijin nata ya ce ta yi shiru ta tafi gida ta ƙi, shi ya sa ya soke ta. Shi kuwa gogan da aka tambaye shi dalili cewa ya yi kar a tambaye shi komai, daga nan bai ƙara buɗe baki ba.